Abin Lura Daga Ɗakin Ƴar Mesa

A Amurka da Ingila da Jamus akwai mutane masu yawa da abin kiwonsu na gida mesa ce. Bahaushe in ya ji haka sai ya riƙe baki, domin shi in ya ga maciji sanda yake nema. Amma mesar da suka fi so ƴar yankinmu ce. Ƙarama ce, masana na kiran ta Python regius, kuma tana zaune a filayen ciyawa da gefen gonaki tun daga Sanagal har Uganda. Ba ta da dafi, da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi, in ta tsorata kuma ba ta cika cizo ba, sai dai ta dunƙule ta cusa kanta a tsakiyar jikinta. Wannan sanyin hali ne ya sa aka fitar da miliyoyinsu daga Ghana da Togo da Benin tun daga shekarun 1970, shi ne kuma ya sa ake ba sabon shiga shawarar ya fara da ita.

Kuskuren sabon shiga kusan iri ɗaya ne a ko'ina, kuma tausayi ne ke jawo shi. Mutum ya sayo ƴar mesa mai tsawon santimita 30 zuwa 40, ya ce ba zai ƙuntata mata ba. Sai ya samo ƙaton akwatin gilashi, ya ƙawata shi da fitila mai haske, ya girke shi a falo inda kowa zai gani, ya bar tsakiyar fetal don ta sakata ta wala. Mako ya wuce, wata ya wuce, ta ƙi cin komai. Da rana tana kai da komo tana goga hanci a gilashi, shi kuwa yana murna wai tana wasa.

Da ya tambayi yadda take rayuwa a can inda aka ɗauko kakanninta, da ya gane. Yini take yi a ramin ɓera ko gafiya, ko a cikin suri, ba ta fitowa sai duhu ya shiga. Fili a wajenta wurin mutuwa ne, nan shaho da sauran mafarauta ke ɗaukar ƙananan macizai. Hankalinta ba ya kwanciya sai ta ji bango yana taɓa jikinta ta kowane gefe, rufi kuma yana taɓa bayanta. A nan sai a yi hattara: kada wani ya ji wannan ya je yana zura hannu a rami, domin irin ramukan nan kububuwa da gamsheƙa ma suna shiga, kuma asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ya isa shaida.

Saboda wannan hali nata na ɓuya, abu na farko a ɗakin ƴar mesa shi ne maɓoya, kuma guda biyu. Kwanon roba da aka kife aka yanka masa ƙofa ya wadatar, muddin ya matse ta, ba ya barin haske ya shiga. Akwati mai tsawon santimita 60 ya ishi ƙarama, babba kuwa tana bukatar wanda ya kai santimita 120. Girman akwati ba laifi ba ne in an cika shi da ganye da ɓawon itace da reshe, yadda za ta tashi daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ta ji ana kallon ta ba. Murfi kuma sai mai sakata, don ƙarfinta ya fi girmanta, kuma duk inda kanta ya shiga jikinta zai bi.

Dalilin maɓoya biyu shi ne zafi. Jikin maciji ba ya samar da ɗumin kansa, daga waje yake ɗauka. Don haka ake ɗumama gefe ɗaya na akwatin ya kai digiri 31 zuwa 33, a bar ɗaya gefen a kan 25 zuwa 27. In ta ci abinci sai ta koma wajen ɗumi don ya narke, in ta ji ya ishe ta sai ta koma wajen sanyi. In maɓoyar guda ce, za ta zaɓi ɓuya ko da zafin wurin ko sanyinsa na cutar da ita. Mai kiwo ba zai iya sanin yawan ɗumin da take so a kowane lokaci ba, abin da zai iya shi ne ya tanadi duka biyun ya bar mata zaɓi. Kowace irin na'urar ɗumi aka sa, dole a haɗa ta da wata mai ƙayyade zafi, domin mesa kan kwanta a kan abu mai zafi har cikinta ya ƙone ba ta gusa ba.

Sai laima. Ramin da take yini a ciki yana riƙe danshi ko a tsakiyar hunturu, gidajen Turai kuwa na'urorin ɗumama ɗaki sun busar da iskarsu. Ana so laimar akwatin ta tsaya wajen kashi 60 cikin 100, shi ya sa ake shimfiɗa ɓawon kwakwa a ƙasa, a ajiye kwanon ruwa mai nauyi da ba za ta kifar ba. Ita da kanta za ta ba da rahoton aikin: in laima ta yi daidai saɓarta za ta fita ɗungurungum, in wurin ya bushe sai ta fita guntu-guntu, wani ya maƙale a ido ko a ƙarshen wutsiya.

Abin da ya fi wa sabon shiga wuya shi ne ƙyale ta. Makon farko ba taɓawa, ba leƙe, ba kiran abokai su zo kallo. Bayan nan a ba ta ɓera ɗaya wanda kaurinsa bai wuce kaurin tsakiyar jikinta ba, duk kwana biyar zuwa bakwai. Masu kiwo sun fi ba da mataccen ɓera da aka ɗumama, domin mai rai kan juyo ya gatsa mata cizo. Ta ci, a bar ta kwana biyu, in ba haka ba ta amayar. Alamar ka iya kiwo ita ce ka yini ba ka ga abin da ka saya da kuɗinka ba.

Kuma riƙon na dogon zango ne. Wannan mesa kan yi shekara 20 zuwa 30, an ma sami wadda ta haura 40 a gidan namun daji na Filadelfiya. Wanda ya saya don sha'awar wata biyu ya ɗauki nauyin da zai bi shi har furfura. A jihar Fulorida, wata mesa ƴar Asiya mai kai mita biyar ta bazu a fadamar Everglades ta hanyar waɗanda masu su suka saki da waɗanda suka kuɓuce, ta cinye zomaye da sauran ƙananan dabbobin wurin, har gwamnatin Amurka ta hana shigo da ita a 2012. Mu kuwa mun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Duk wanda ya rufe wa mai rai ƙofa, cinsa da shansa da natsuwarsa sun hau wuyansa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin lura a nan ya wuce maciji. Sau nawa ɗa ya sami buɗi ya ɗauko mahaifinsa daga ƙauye, ya sa shi a ɗaki mai tayil da na'urar sanyi da ƙaton talabijin, ya sa maigadi a ƙofa don kada a dame shi? Kowa ya zo sai ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ka gama wa Baba komai." Baba kuwa yana ramewa, abinci ba ya shiga. Abin da ke riƙe da shi tabarma ce a zaure, da masallacin da ƙafarsa za ta kai shi, da tsaransa da za su zauna su yi zancen damina. Ɗan bai yi rowa ba, bai kuma rasa ƙauna ba. Ya auna kyautar ne da abin da shi kansa yake marmari, da abin da idon baƙi zai yaba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin ka kashe kuɗi a kan wanda kake riƙo, binciki yadda yake rayuwa kafin ya zo hannunka, ka tanadar masa zaɓi, sannan ka zuba ido kan cinsa da barcinsa. Mesa ba ta da bakin faɗa, sai an karanta halinta. Baba yana da baki, amma kunyar ɗansa za ta sa ya ce komai lafiya lau, don haka shi ma sai an lura.