Ban Haƙuri da Kwanciyar Hankali a Iyakar Jibiya

Hausa tana da kalmomi da dama na sanyaya zuciyar wanda ransa ya ɓaci, kowace da muhallinta. Lallashi ko rarrashi tausasa murya ne don shawo kan mai fushi ko mai kuka. Ban baki jan hankalin mutum ne da daɗin magana har ya sauko. Ban haƙuri ya fi su nauyi, domin ana yin sa ne ga wanda aka tabbatar an ɓata masa ko ya yi asara.

Magama Jibiya, mashigar iyakar Najeriya da Nijar da ke kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Ɗan Isa, ta sha jin waɗannan kalmomi. An rufe iyakar a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta ba sai Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 aka sake rufewa, har Najeriya ta buɗe ɓangarenta a Maris na 2024. A tsawon waɗannan lokuta direbobi da fatake da 'yan dako da 'yan canji sun rasa abin yi, abin da ake ce musu kuwa shi ne “sai haƙuri”.

Shin haƙuri yana nufin miƙa wuya ga kowace irin cuta? Malaman Musulunci sun kasa shi gida uku: haƙuri a kan biyayya ga Allah, haƙurin barin saɓo, da haƙuri a kan ƙaddara. Babu ɗaya daga ciki da ya hana wanda aka zalunta neman hakkinsa. Ɗan kasuwar da ruwa ya lalata masa kaya, ƙaddara ce ta same shi. Wanda aka karɓe wa kuɗi a shingen hanya ba bisa ƙa'ida ba, zaluntarsa aka yi, kuma wajibi ne a mayar masa.

Ita kuwa natsuwa, wadda Suratur Ra'ad ta danganta da ambaton Allah, hali ne da ke zaunawa a zuciya, ba ta samuwa da daɗin baki kaɗai. Saboda haka mai sulhu na ƙwarai yakan fara da lallashi don fushi ya sauka, sannan ya binciki gaskiya, ya sa a biya hakki. Idan aka ba wanda aka zalunta haƙuri alhali ana riƙe da hakkinsa, rufe masa baki aka yi kawai, rigimar kuwa tana nan.