Magidanci a Gaban Majigin Yara: Tunani a kan Mummunan Zato

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, wadda mai karatu zai iya gani kamar ba ta kai a ɓata tawada a kanta ba. Tambayar ita ce: idan aka ga mutum mai gemu, wanda ya isa aure ko kuwa ya riga ya ajiye iyali, yana zaune gaban akwatin talabijin yana kallon majigin zane da aka shirya domin yara, irin wanda ake kira katun, har ma yana jin daɗinsa, me ya halatta mu faɗa game da halinsa? Da gangan na ce "halatta", gama abin da muka saba faɗa na san shi, ku ma kun san shi.

Bari in kawo misalin da ya fi kowane shahara, daga ƙasar Amurka. A watan Oktoba na shekarar 2010 aka fara nuna wani shiri mai suna My Little Pony: Friendship Is Magic, wanda wata mai zane, Lauren Faust, ta tsara wa kamfanin Hasbro mai ƙera kayan wasan yara. Kamfanin kam ciniki ya sa gaba, domin tun farkon shekarun 1980 yake sayar wa yara mata 'yan dawakin roba masu launi iri iri. Labarin na wasu 'yan goɗiyoyi ne guda shida, ƙawayen juna, kusan kowace tana wakiltar wani hali: wannan gaskiya, waccan kirki, wata kyauta, wata riƙon amana, wata kuma fara'a. Sukan yi saɓani, su yi fushi, su gane kuskurensu, su shirya. Sihirin da ke cikin sunan shirin irin na tatsuniya ne, kada ya tsorata kowa. An yi shekara tara ana nuna shi, kashi fiye da 200, har ya ƙare a 2019.

Abin da ba wanda ya zata shi ne, ba a daɗe da farawa ba sai ga samari da magidanta, a cikinsu har da ɗaliban jami'a, da injiniyoyi, da sojoji, sun rungumi shirin. Suka raɗa wa kansu suna "brony", daga kalmomin Turanci biyu, ɗaya mai nufin ɗan'uwa, ɗaya kuma ƙaramin doki. Suka riƙa yin zane da kiɗa da rubuta labarai a kansa, suna tara kuɗi domin ayyukan jinƙai. Taronsu mafi girma, BronyCon, ya soma a birnin New York a 2011 da mutane kamar ɗari, daga baya ya koma birnin Baltimore, inda dubbai suka riƙa halarta.

Duniya ta ga haka, sai ta yi musu kuɗin goro. Aka ce ragwaye ne marasa aikin yi, waɗanda suka ƙi girma suna laɓe a gidan iyayensu. Aka ce ba cikakkun maza ba ne. Mafi muni, aka ce duk babban da ke son abin yara mata, lalle yana da muguwar manufa a kan yaran. Masu barkwanci a rediyo da talabijin suka samu abin dariya mai araha. Ni ma, in faɗa muku gaskiya, ranar da na fara ganin hotunan taronsu, ƙarti sanye da kunnuwan doki na ƙyalle, dariya na yi, na kaɗa kai, na ce a raina duniya ta zo ƙarshe. Ban san ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Duk da haka, kafin in ajiye wayar na riga na yanke wa dubban mutane hukunci. Wannan dariyar tawa ita ce asalin wannan rubutu.

A makarantar horon firistoci an koya mana cewa doka ta takwas ba ga shaidar zur a gaban alƙali kaɗai ta tsaya ba. Katikizim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, a sakin layi na 2477 ya lissafa hanyoyin da ake cin mutuncin mutum da su, ya kuma sa saurin yanke hukunci a gaba, wato mutum ya ɗauka cewa maƙwabcinsa yana da wani aibu ba tare da isasshen dalili ba, ko da a zuci ne bai furta ba. Sunan kirki dukiya ce. Wanda ya ɗauke shi ya yi sata, sau da yawa kuma satar da ba ta mayaruwa. Iyayenmu sun taƙaita maganar da suka ce zato zunubi.

Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya bi sawun zato har zuwa tushensa. A ganinsa daga wuri uku yake fitowa: ko dai mai zaton shi kansa yana da mugun hali, sai ya auna wasu da mudunsa, ko kuwa ya riga ya raina mutumin ko yana ƙinsa, saboda haka ƙaramar alama ta ishe shi, ko kuma ya daɗe a duniya ya sha ganin ɓarna. Da na auna dariyata da wannan ma'auni, ban same ta a wuri na uku ba, inda na so in same ta. A na biyu take zaune. Raini ne ya riga bincike isowa. Toma ya ƙara da wata magana mai nauyi, cewa gara mutum ya yi ta kuskure wajen kyautata zato ga mugu, da ya yi kuskure ko da jefi jefi wajen munana zato ga mutumin kirki, gama a na farkon ba wanda aka zalunta, a na biyun kuwa an zalunci wani.

Amma kada in yi wa gaskiya kwaskwarima. Cikin wannan taron jama'a akwai ɓata-gari. An samu waɗanda suka mai da hotunan shirin zanen batsa suka watsa a intanet, inda yaro mai neman abin da ya saba kallo zai iya cin karo da su. A 2020 mujallar The Atlantic ta buga rahoto a kan masu aƙidar wariyar launin fata da suka samu mafaka a cikinsu, da kuma rigimar da ta tashi lokacin da wasu suka nemi a tsame su. Waɗannan abubuwa mugunta ce, sunanta ke nan, kuma uba ko uwar da ke sa ido a kan abin da ɗansu yake gani a waya ba su yi laifi ba. Taka-tsantsan wajibi ne a kan duk mai kula da yara. Sai dai tsakanin taka-tsantsan da hukunci akwai rata. Ina iya kulle ƙofata da dare ba tare da na kira maƙwabcina ɓarawo ba. Mukan ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, haka ne kuwa a wurin niƙa. Amma 'yan Adam ba gari ba ne da ake zubawa a ƙwarya ɗaya. Kowa da sunansa, kowa da lamirinsa, kowa kuma shi kaɗai zai ba da lissafin kansa.

To, a bar maganar ɓata-garin. Shi wanda ba ya yin kome sai kallo da jin daɗi fa, babu aibu a kansa? Wani zai tuna mini da Manzo Bulus, wanda a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 13, ya yi zancen barin al'amuran ƙuruciya sa'ad da mutum ya girma. Wani kuma zai amsa masa da Bishara ta hannun Matiyu, sura 18, inda Ubangiji ya tsai da ƙaramin yaro a tsakiyar almajirai ya mai da shi abin koyi. Babu saɓani a nan, sai dai ƙuruciya iri biyu ce. Akwai ta son kai, da rashin haƙuri, da gudun nauyi, da kuka idan ba a samu abin da ake so nan take ba. Wannan ita ake so a bari, kuma na sha ganinta a jikin dattawa masu furfura waɗanda ba su taɓa kallon katun ba. Akwai kuma ta sauƙin zuciya, da iya mamaki, da saurin yafewa. Wanda ya yar da wannan da sunan girma, hasara ya yi. Marubucin nan na Ingila, C. S. Lewis, malamin jami'a wanda ya rubuta wa yara labaran Narnia, ya lura a wata maƙala ta 1952 cewa tsoron kada a ce da mutum yaro, shi kansa alamar ƙuruciya ce, domin matashi ne ya fi kowa damuwa da a gan shi babba.

Yohanna Kasiyan, wani ɗan zuhudu na ƙarni na biyar, ya adana wani tsohon labari game da Yohanna Manzo. Wai wata rana wani maharbi ya iske shi cikin tsufansa yana shafa wata makwarwa a hannu, yana wasa da ita. Maharbin ya yi mamaki yadda mutum mai irin wannan suna zai ƙasƙantar da kansa haka. Sai tsohon ya tambaye shi dalilin da ya sa ba ya barin bakansa a ɗaure kullum. Maharbin ya ce idan ya bar shi haka zai saki, ranar da ake bukatarsa kuma ba zai yi harbi ba. Tsohon ya ce haka ran mutum yake. Toma Akwinas ya kafa hujja da irin wannan labari ya koyar cewa wasa hutun rai ne kamar yadda barci yake hutun jiki, har ya ce mutumin da ba ya wasa sam, wanda ya zame wa jama'a kaya saboda ɗaure fuska, shi ma yana da nasa aibun. Ya gindaya sharuɗɗa: kada wasan ya ƙunshi alfasha ko cuta, kada ya kwashe hankalin mutum gaba ɗaya, ya kuma dace da mutumin da lokaci da wuri.

Sharaɗi na ƙarshen nan shi ne mai wuya, kuma a nan masu suka suke da ɗan abin riƙewa. Shin ya dace da mai shekara talatin? Na yi ta juya wannan tambaya, sai na ga ba a yi mata adalci sai an haɗa ta da 'yar'uwarta. Ku leƙa gidan kallon ƙwallo ranar Asabar da yamma. Ga magidanta suna ihu, suna zagin juna, wani ya ƙi cin tuwon dare domin Arsenal ta sha kashi a wani birni da bai taɓa takawa ba, wani ma ya zubar da kuɗin makarantar 'ya'yansa a cacar wasan. Ba mu ce da su yara ba. Ba mu tuhumi mazantakarsu ba. Haka nan wanda ke kwana kallon fim ɗin harbe-harbe da zubar da jini, ba mai ɗaga masa gira. Amma wanda ya zauna minti ashirin da 'yan kai yana kallon labarin yadda ƙawaye biyu suka yi faɗa suka nemi gafarar juna, shi ne abin tuhuma. Ashe ma'auninmu ba na dacewa ba ne. Abin da ya ɓata mana rai shi ne, abin na yara ne, yaran kuma mata. Wato a can ƙasan zuciyarmu mun ɗauka cewa duk abin da aka yi domin 'ya mace ƙarama ba shi da daraja, namijin da ya taɓa shi kuwa ya zubar da girmansa. Ita Lauren Faust ta sha bayyana cewa da niyya ta yi shirin domin ta ƙaryata wannan ra'ayi, ta nuna cewa abin 'yan mata yana iya zama mai ma'ana wanda iyaye ma za su iya zama su kalla. Idan haka ne, rainin da muke yi wa mai kallon ya ratsa ta kansa ya sauka a kan 'ya'yanmu mata.

Mu ma nan gida mun san wannan hali. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi aikin tsofaffin mata ne da yara a tsakar gida da dare, namiji babba yakan yi kamar ba ya ji. Amma wa ya mance da ita? Hikima nawa muke yawo da ita yau wadda daga bakin kaka muka same ta?

Ba'a kuma ba ta tsayawa inda aka jefa ta. Yara suna sauraron abin da manya ke yi wa dariya, su ɗauka su kai makaranta. A farkon 2014, a jihar North Carolina, wani yaro ɗan shekara 11 mai son wannan shiri, wanda 'yan makarantarsu suka addaba da gori, ya yi yunƙurin rataye kansa. An ceto shi, amma da mummunan lahani a ƙwaƙwalwa. Bayan 'yan makonni, a wannan jiha dai, wata makaranta ta umarci wani ɗan shekara 9 ya daina zuwa da jakarsa mai hoton ɗaya daga cikin dawakin, wai ita ke jawo masa tsangwama. Sai da jama'a suka yi ca kafin aka janye umarnin. Ku duba yadda hukuncin ya juye: wanda aka zalunta shi aka ce ya gyara. Yaran da suka yi gorin ba su ƙirƙiro shi ba, a bakin manya suka tsince shi.

Idan mace ta zo ofishin fada ta ce mini, "Fada, maigidana ya cika kallon katun," ba zan tambaye ta sunan shirin da farko ba. Zan tambaya ko akwai hatsi a gida, ko an biya kuɗin makaranta, ko yana zuwa wurin aikinsa, ko yana zama ya yi hira da ita da yaran, ko kuwa allon ya zame masa kogon da yake ɓuya a ciki. Gama gudun duniya cuta ce ta gaske, tana kama mutum ta hanyar katun, tana kama shi ta ƙwallo, ko siyasa, ko teburin mai shayi, har ma ta yawan tarurrukan coci, in ba ku manta ba. Idan amsoshin suka nuna ɓarna, sai mu kira shi mu zauna. Idan kuwa ta ce duk yana yi, abin dai kunya yake ba ta a gaban maƙwabta, to da ita zan yi doguwar magana, da maƙwabtan kuma in sun yarda su zo.

An yi taron BronyCon na ƙarshe a Baltimore a watan Agusta na 2019, mutane fiye da 10,000 suka halarta, bayan wata biyu kuma shirin kansa ya zo ƙarshe. Da aka watse, kowa ya tuɓe kunnuwan ƙyallensa ya koma garinsu, wani ofis, wani aji, wani bariki. Har yau ban san ko ɗaya daga cikinsu ba, kamar yadda ban san su ba ranar da na yi musu dariya.