Wa Zai Shimfiɗa Mana Tayil?

Duk wanda ya taɓa gina gida a Kano ko Kaduna ya san wannan zance. Idan aiki ya kai ga shimfiɗa tayil ko yin silin, sai mai kula da ginin ya rage murya ya ce, "Alhaji, in dai aiki mai kyau kake so, bari a kira 'yan Togo." A bakin layin kuwa ga majalisa cike da samari majiya ƙarfi, kowa ka taɓa sai ya ce maka babu aiki a ƙasar nan.

Ba na musun cewa ƙofofi da dama sun rufe. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ma ta bi bayanta a 2007. Masana'antu da yawa a Bompai da Sharada da ke Kano sun koma rumbunan ajiye kaya. Ba mu kuma manta watan Maris na 2014 ba, lokacin da dubban ɗaruruwan matasa suka yi dafifi a filayen wasa don neman gurabun hukumar shige da fice da ba su kai 5,000 ba, har aka rasa rayuka a turmutsitsi. Wannan laifin masu mulki ne, kuma an sha faɗa musu. Yau da namu laifin nake.

A da, uba kan riƙo hannun ɗansa ya kai shi maƙera, ko marina irin ta Ƙofar Mata, ko wurin tela, ya ce ga amana. Yaro ya yi shekara yana zuga wuta kafin a bar shi ya ɗaga guduma. Yaron tela ya daɗe a kan guga da sa maɓalli da kalmasa kafin ya taɓa almakashi. Ba mugunta ba ce. A nan ake koyon sammako, da kula da kayan mutane, da jin kunyar mayar da aiki mara kyau. Sai maigida ya gamsu sannan ya yaye shi, ya sa masa albarka.

Yanzu fa? Wata uku yaro ya yi a gareji, ya san sunan sifana biyu, shi ke nan ya kama rumfa ya rubuta "Injiniya" a allo. Ka kawo mota da ciwo ɗaya, ya yi ta canza kaya da kuɗinka har Allah Ya sa ya dace. Mai jan waya ya haɗa maka wuta yadda in an kunna dutsen guga sai gida ya ɗauki ƙauri. Batun alƙawari kuma, a tambayi wanda ya taɓa kai ɗinkin salla.

Makarantar da muka dogara da ita ba ta fitar da mu kunya ba. Tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982 an yi shi ne domin yaro ya fito ƙaramar sakandare da abin yi a hannunsa. An shigo da injunan kafinta da na ƙira daga waje, amma da yawa a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, ba wuta, ba malamin da ya iya tayar da su. A manyan makarantu akwai shirin SIWES na hukumar ITF, wanda ke tura ɗalibi ya koyi aiki a ma'aikata. Nawa ne suke zuwa? Wasu littafin kawai suke kai wa wani kawu ya buga hatimi. Da haka ake samun mai digirin kwamfuta da bai iya tsara takardar neman aikinsa ba sai ya biya a shagon buga takardu. Iyayen da suka saya masa amsar jarrabawa tun yana sakandare su ne kuma ke kukan an ƙi ɗaukarsa.

'Yan siyasa ma sun gano hanya: horon sati ɗaya, hoto, keken ɗinki, washegari keken yana kasuwa.

Iyaye, a daina kallon kanikanci da walda a matsayin aikin wanda boko ya ƙi. A leƙa Panteka ta Kaduna a ga mutanen da ke ƙera injin niƙa da na casar hatsi da hannunsu, suna ciyar da gidaje, har ɗaliban kimiyya na zuwa wurinsu neman a haɗa musu aikin kammala karatu. In an yi dogon hutu, a kai yaro irin waɗannan wurare, a kuma bar shi ya jure faɗan maigida. Ku kuma masu shaguna, ku ji tsoron Allah: yaron da aka kawo koyo ba ɗan aiken sayo abinci ba ne, kuma kada ku yaye wanda ku da kanku ba za ku ba shi motarku ya gyara ba.