Sammako Zuwa Filin Jirgi: Rashin Tawakkali Ne Ko Cika Alkawari?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya dare da yini suna maye wa juna domin bayinsa su san ƙidayar lokaci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, wata muhawara ce ta taso a ƙofar masallaci a nan Mallawa bayan sallar La'asar. Wani saurayi ne zai raka mahaifinsa Yamai domin tafiya Umra, sai ya ce su tashi kwana 3 kafin ranar jirgi. Ƙanen mahaifinsa ya ce masa: "Kai yaro, wannan ai garaje ne. Kujerar da Allah ya rubuta wa Yaya babu mai zama a kanta. In da rabo, ko ya makara zai samu." Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce: "Gaskiya ne Baba, amma ba a fafe gora ranar tafiya." Jama'a suka rabu biyu, kowa da hujjarsa. Maganar ta cancanci a tsaya a kanta, domin ta shafi imani da ƙaddara, ta shafi haƙƙin mutane, ta kuma shafi dukiyar da talaka ya yi shekaru yana tarawa.

Mu fara da sanin yadda abin yake. Kamfanonin jiragen sama sun saba neman mai fita ƙasar waje ya isa filin jirgi awa 3 kafin tashi. Akasarinsu suna rufe karɓar kaya da ba da takardar shiga kimanin awa 1 kafin tashi, ƙofar jirgi kuma ana rufe ta saura minti 15 ko 20. A tsakanin nan za a auna kaya, a duba fasfo da biza da katin rigakafi, a bi ta hannun ƴan sanda da duwan, sannan a wuce na'urar bincike. Binciken ya tsananta tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, kuma tun 2006 filayen jirgi da yawa ba sa barin abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 a jakar hannu. Jiragen alhazai kuwa sau da yawa ana kiran mutane tun da wuri fiye da haka, saboda yawan jama'a da yawan tsofaffi.

To, mutumin Mallawa lissafinsa daga ƙofar gidansa yake farawa. Sai ya fita Magaria ko Dungass, ya isa Damagaram, sannan ya kama hanyar Yamai mai kusan kilomita 900, ta Tasawa da Maradi da Birnin Konni da Dogon Dutse da Dosso, tafiyar yini guda cur in babu matsala. Wanda ya zaɓi filin jirgin Malam Aminu Kano yana da iyaka a gabansa, kuma mun ga yadda aka rufe iyakar nan daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Ga kuma wani tarko da ke cikin tikiti: in an rubuta ƙarfe 01:30 na ranar Juma'a, to da daren Alhamis ake zuwa, wanda mu Musulmi muke kira daren Juma'a. Wanda ya zo Juma'a da dare ya tarar jirgi ya yi kusan yini guda da tafiya.

Yanzu mu koma ga maganar dattijon nan. Babu Musulmin da ke shakkar cewa abin da Allah ya ƙaddara ba ya kuskure. Sai dai ƙaddara a ɓoye take gare mu, umurni kuwa a bayyane yake, kuma an umurce mu da riƙon sababi. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi da ya haɗa ɗaurewa da dogaro. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wasu mutanen Yaman sun kasance suna zuwa Hajji ba guzuri suna cewa su masu tawakkali ne, in sun iso Makka sai su koma roƙo, sai aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta sauka da umurnin yin guzuri. A lokacin Hijira, Annabi da Sayyidina Abubakar sun tanadi raƙuma, sun ɗauki hayar ɗan jagora Abdullahi bin Uraiƙiɗ, sun ɓuya kwana 3 a kogon Sauru. Wane ne ya fi su tawakkali? Lokaci shi ma guzuri ne. Wanda ya fita da ragowar awoyi a hannunsa ya tanadi abin da zai kashe in taya ta fashe a hanya.

Dattijon yana da wata gaskiya: gaggawa abin zargi ce, Hausawa ma sun ce sauri ya haifi nawa. Amma sammako daban, gaggawa daban. Mai sammako shi ne yake tafiya cikin natsuwa, wanda ya makara kuwa shi ne mai gudu. Dubi yadda shari'a ta tsara zuwa masallaci: an kwaɗaitar da mu zuwa Juma'a da wuri, har aka kwatanta ladan na farko da na wanda ya ba da raƙumi, na ƙarshe da na wanda ya ba da ƙwai, sannan aka hana mu zuwa salla da gudu in an tayar da iƙama. Hukuncin biyu sun taru a kan abu guda, wato ka fito da wuri domin kada ka yi gudu.

Tarihin jiragen alhazai ya nuna mana tsadar gaggawa. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgi ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da alhazai, ya kama da wuta ya faɗi jim kaɗan bayan tashi, mutum 261 suka rasu. Bincike ya nuna tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska, an kuma san da haka, amma aka sallami jirgin don gudun jinkiri. Allah ya jiƙansu. Wannan ya isa ya koya mana cewa binciken da muke ƙosawa da shi yana buƙatar lokacinsa, kuma matafiyi ba ya da haƙƙin matsa wa ma'aikaci ya taƙaita shi.

Sai maganar haƙƙin mutane, wadda ita ce mafi nauyi. Tikiti alkawari ne, kuma Suratul Ma'ida ta buɗe da umurnin cika alkawura. Idan mutum ya ba da kayansa sannan bai zo ƙofar jirgi ba, ƙa'idar tsaro ita ce a nemo jakarsa a sauke, ɗaruruwan mutane suna zaune suna jira. A cikinsu akwai marar lafiya, akwai mai jinjiri, akwai wanda wani jirgin ke jiransa a wata ƙasa. Wa zai bi su ɗaya ɗaya ya nemi gafara? Bayan haka makara tana jawo wasu laifuka: tsallake layi, da ƙaryar uzuri, da miƙa cin hanci don a buɗe abin da aka rufe, da fita da salla daga lokacinta. Mutumin da ya sayar da shanu da buhunan hatsi don ya ziyarci Ɗakin Allah bai dace ya buɗe tafiyarsa da waɗannan ba.

Wuce gona da iri shi ma ba a so. Wanda ya kwashi tsoho ya kai shi bakin filin jirgi mako guda kafin lokaci, yana kwana a ƙasa, guzuri yana ƙarewa, jiki yana raunana tun kafin ɗawafi, waswasi ne ya kore shi. Haka kuma nauyin bai tsaya kan matafiyi kaɗai ba. Wakili ko kamfanin da ya tara mutane a kan lokaci, ya bar su kwana da kwanaki ba bayani ba masauki, shi ma ya saɓa alkawari, kuma za a tambaye shi.

Saboda haka abin da muke gani daidai shi ne: a gama rigakafin sanƙarau tun da wuri, domin hukumomin Saudiyya suna neman a yi wa maniyyaci shi aƙalla kwana 10 kafin isowa. A nemi mai karatu ya duba rana da awa a tikiti sau biyu. A isa garin da jirgi zai tashi da kwana guda a hannu, a huta. A shiga filin jirgi awa 3 kafin tashi, ko lokacin da hukumar alhazai ta faɗa in ya fi haka. Abin da ya rage na jira a cika shi da alwala da salla da zikiri da taimakon tsofaffi wajen kaya. Idan bayan duk wannan jirgi ya kuɓuce, to nan ne wurin maganar dattijo, sai a ce Allah bai nufa ba, zuciya kuma ta kwanta.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya, ya sa mu cikin masu cika alkawari. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.