Wa Ke da Ikon Tambarin Abin da Aka Sakar wa Kowa?

Harshen shirya manhaja, wato tsarin ƙa'idojin da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su, idan aka buɗe tushensa, kowa na iya kwafarsa, ya gyara, ya raba, amma tambarinsa ba kasafai yake samun wannan 'yanci ba. Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, kyauta ne, duk da haka tambarinsa mai macizai biyu, shuɗi da rawaya, alamar kasuwanci ce a hannun gidauniyar harshen. Lamarin ya yi kama da wakafi, inda amfanin dukiya yake na jama'a, kulawa kuwa ta wanda aka damƙa wa amana, domin tambari shaida ce cewa abin da ke ɗauke da shi ba jabu ba ne. Sai dai mai riƙon amana yakan wuce gona da iri, kamar yadda gidauniyar harshen Rust ta fitar da daftarin ƙa'idoji masu tsauri kan suna da tambari a 2023, masu amfani da harshen suka yi mata caa. Hurumin gidauniya ya tsaya ga hana yaudara, bai kai ga hana jama'a sarrafa alamar da aikinsu ya ba ta daraja ba.