Kukan Mai Haƙori

Duk wanda ya taɓa kwana a gidan da ake goyo ya san daren nan da yaro ɗan wata shida ko bakwai yake ƙaurace wa barci, yana dalala, yana cusa yatsu a baki, yana datsar nonon uwa da dasashinsa mai kumburi, har tsohuwar gida ta leƙo daga ɗakinta ta ce, "Haƙori ne, 'yar nan, yi haƙuri, zai wuce." Haƙoran nan ashirin ne, biyu na gaba daga ƙasa su ne kan fara ɓullowa, ba su kuwa cika kammala ba sai yaro ya doshi shekara uku. A ɗaya daga irin waɗannan darare, ina zaune a tsakar gida ina jin kukan yarinyarmu, sai mas'alar da ta daɗe tana wahalar da malaman tauhidi ta faɗo mini a rai: wanda ba a ɗora masa taklifi ba, bai kuma aikata zunubin da za a kankare masa ba, mene ne hikimar shan wuyarsa?

Mu'utazilawa sun tafi a kan cewa wajibi ne Allah Ya musanya masa wahalarsa da sakamako, su kuwa Ash'arawa, waɗanda aƙidarsu muka karanta a zaure, suka ce babu abin da yake wajaba a kan Mahalicci, baiwarSa falala ce, hukuncinSa kuwa adalci. Na sallama wa wannan, zuciyata ta natsu da shi. Sai dai na lura cewa idan aka koma ga sunnar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin da ya fi fitowa fili a kan kukan yaro shi ne nauyin da yake ɗora wa babba. Ya tabbata cewa yakan shiga salla da nufin tsawaitawa, sai ya ji kukan jariri ya taƙaita domin tausayin uwarsa. Ya kuma tabbata cewa da Ummu Ƙaisi 'yar Mihsanu ta zo masa da ɗanta, bayan ta danne masa maƙogwaro da yatsa bisa al'adar matan Larabawa ta maganin ciwon wuya, ya hana ta wannan aiki, ya nuna mata magani mai sauƙi. Wannan hadisi na biyu shi ne ya fi tsaya mini a rai, domin matar nan ƙauna ce ta sa ta yi abin da ta yi, amma ƙaunar ba ta hana a yi mata gyara ba.

Ibnul Ƙayyim, a littafinsa Tuhfatul Maududi, ya yi wasiyya da a riƙa murza dasashin yaro da man shanu idan lokacin tsirar haƙori ya yi. Likitocin yau ba su yi nisa da shi ba: yatsa mai tsabta, ko tsumma wankakke da aka jiƙa da ruwan sanyi, ko wani abu mai tsabta da zai ciza ba tare da ya haɗiye ba.

Abin da nake tsoro shi ne gaggawarmu ta kashe kuka ko ta halin ƙaƙa. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka rasu a Nijeriya sanadin wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka samu guba mai lalata ƙoda a cikinsa, har hukumar NAFDAC ta haramta shi. Iyayen nan kuwa da hannunsu suka ɗura, suna neman wa 'ya'yansu sauƙi. Haka kuma kalmar nan "haƙori ne", wadda tsofaffinmu suke kwantar da hankali da ita, takan zama labule. Watannin da haƙori yake fitowa su ne dai watannin da yaro yake fara shan kunu, yake rarrafe yana kai duk abin da ya tsinta baki, kariyar da ya samo daga jikin uwarsa kuma tana raguwa, saboda haka gudawa da zazzaɓin cizon sauro sukan zo tare da haƙori ba don shi ya haife su ba. Wanda ya ga jikin ɗansa ya yi zafi rau, idanunsa sun faɗa, ya ƙi kama nono, sa'an nan ya zauna yana jiran haƙori ya huda, ya bar sababin da shari'a ta umarce shi ya riƙa, ko da ya kira zaman nasa tawakkali.

A daren nan da nake ba da labari, uwar yarinyarmu ta taɓa goshinta ta ji babu zafi, sai ta wanke hannu ta yi ta murza mata dasashi tana yi mata addu'a, har aka kira assalatu. Bayan kwana uku, tana ba ta ruwa, muka ji cokali ya yi ƙwas a bakinta.