Kafin Ka Yanka Zakaran Nan Mai Sanƙon Wuya

Ɗana, in kana kiwon kaji a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu, ka daina yi wa kaza mai sanƙon wuya kallon marar lafiya. Ba cuta ce ta cinye mata gashi ba, ba kuma barbarar talotalo ba ce, kamar yadda ake faɗi a bakin kasuwa. Gado ne. A shekarar 2011 masana na Cibiyar Roslin ta ƙasar Sikotilan suka bayyana sauyin ƙwayar halittar da ke hana gashin wuyan tsirowa. A ƙasarmu da zafin Afirilu kan kai digiri 40, wannan gado arziki ne, domin jikin kazar na saurin fitar da zafi, tana ta kiwonta yayin da 'yan'uwanta ke haki a inuwa.

Ka natsu ka ji yadda gadon ke sauka. Kowane ɗan tsako yana karɓar ƙwaya biyu, ɗaya daga zakara, ɗaya daga kaza, kuma ta sanƙo ce ke rinjaye. Wanda ya gaji ɗaya tak, galibi za ka ga masa ɗan tukku a gaban wuya, daf da ƙirji. Wanda ya gaji biyu, wuyansa kusan fayau yake, gashin jikinsa kan ragu da kimanin kashi 40 cikin 100. Irin wannan zakara, ko wace kaza ya bi, duk 'ya'yan da sanƙo za su fito. Mai tukku kuwa, in ya bi kaza mai cikakken gashi, wajen rabi ne. In mai tukku ya haɗu da mai tukku, a cikin kowane huɗu ka sa ran ɗaya mai gashi tsaf. Kada ka ce zakaran maƙwabta ne ya tsallako. Kuma ƙwai goma ba lalle su bi lissafin daidai ba, sai ƙyanƙyasa ta yawaita.

Abin da ke damuna shi ne Salla na ƙaratowa sai a kama zakaran da ya fi girma a yanka, a bar ƙanƙararre yana bin kaji. Haba ɗana! Mai fayau ɗin wuya, mai ƙiba da kuzari, shi ne iri, ka bar shi. In 'ya'yansa mata suka isa, ka musanya shi da wani daga wani gari, don auren gida na raunana tsaki.

Da hunturu ka killace 'yan tsakin su sami ɗumi, sanyi ya fi kama su. Sanƙo kuma ba ya maye gurbin rigakafi, ka kai su wurin malamin dabbobi tun kafin iskar hunturu ta taso.